Ƙurar Saman Kai: Wankin Silin Mota a Ƙasar Zinare

Da hantsi ranar kasuwa, Golf ta shigo Anka daga ƙauyukan kudu, but ɗinta a wangale an ɗaure shi da igiya. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhuna a but, yara a kan cinya. Da aka sauke fasinja, direba ya gangara da ita wurin masu wanki a bakin hanya, ya miƙa makulli, ya nufi wurin mai shayi.

Yara biyu suka hau aiki. Ɗaya ya zaro tabarmin ƙasa yana kaɗa su a jikin bishiya, ƙura ja tana tashi tana komawa kansa. Ɗayan ya zuba omo a bokiti ya bi jikin motar da soso. Kafin direba ya gama shayinsa an goge gilashi, an wanke tayoyi, an shafa wa dashbod mai yana ƙyalli.

Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Silin motar, wanda ya fito daga kamfani da launin toka mai haske, ya koma ruwan ƙasa. Saman kujerar direba akwai baƙin da'ira inda hula ke gogawa. Kusa da marikin ƙofa akwai shatin yatsu rututu. Ta baya yadin ya saki ya yi tumbi, an soke shi da fil guda shida.

Haka silin yawancin motocin haya yake daga Gusau har Gummi, kuma a ko'ina cikin Arewa hakan bai wuce ƙazanta da rashin kyan gani ba. A wannan yanki na Zamfara kuwa, inda ƙura ta taɓa hallaka ɗaruruwan yara, maganar ta wuce nan.

Abin da ya sa masu wanki ke gudunsa

In ka tambayi masu wankin mota dalilin da ba sa taɓa sama, amsar kusan ɗaya ce: in ya zubo, wa zai biya? Kuma suna da gaskiya.

Silin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, irin su Golf da Sharon da Corolla, hawa uku ne. Akwai faifai mai ɗan tauri da aka matse shi ya bi siffar rufin. A jikinsa akwai siririn soso, kaurinsa bai kai na kwalin ashana ba. A kan soson aka manna yadin da ido ke gani. Gam ne kawai ke riƙe da su, ba ɗinki, ba ƙusa.

Motocin nan kuwa an ƙera su ne shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, sun gama yawo a Turai kafin su iso nan. A bazarar Zamfara, tsakanin Maris da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma motar da aka rufe aka bari a rana cikinta kan wuce digiri 60. Silin na manne da ƙarfen da rana ke duka kai tsaye. A hankali soson yakan dafu ya ruɓe. Wanda ya taɓa ɗaga yadin tsohuwar Golf ya san abin da ke ciki: wani gari ruwan goro mai danƙo, kamar garin ƙuli-ƙuli, yana manne wa yatsa.

Da soso ya kai wannan hali, ruwa kaɗan ya isa. Yadi ya jiƙe ya yi nauyi, gam ya saki, da yamma direba ya tarar da labule a kansa. Dirza da burushi ma haka, don hannu na murƙushe abin da ya rage na soson. Shi ya sa yaron da ya taɓa shan faɗa ko cin tarar kuɗin ɗinki ba ya sake kallon sama.

Tsofaffin direbobi na tuna lokacin da ba haka abin yake ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga tsakiyar shekarun 1970, wadda ta riƙe hanyoyin Arewa shekara da shekaru, silinta na roba ne da aka ɗame a kan sandunan ƙarfe. Tsumma da ruwan sabulu sun ishe shi. Motocin da suka gaje ta sun fi ta laushi da shiru a hanya, amma sun zo da rufin da ke shan ƙura ba ya bayarwa.

Abin da ke taruwa a sama

Dattin silin iri-iri ne, kuma kowanne da inda ya fito. Man gashi da gumin hula su ne baƙin da ke saman kujeru. Hayaƙin sigari yakan bar rawaya mai danƙo. Turaren wuta da wasu direbobi ke kunnawa don kashe wari yana barin nasa. Manja daga jarkar da ta yi tsalle a rami, kunu, furar da yaro ya watsa, kashin kajin da aka ɗauko kasuwa, duk suna can. Da damina kuma, in roba ta gilashin gaba ta tsufa ko an huda rufi an ɗaura kariya, ruwa na bi ta ciki ya bar shati da baƙaƙen ɗigo na fumfuna, da warin da ba ya fita.

Amma babban abin shi ne ƙura. Motar haya a wannan yanki ba ta san na'urar sanyaya ba, gilashi a sauke ake tafiya. Daga babban titin da ya taso daga Mayanci ya bi ta Anka da Ɗaki Takwas ya nufi Gummi, da zarar an saki kwalta an shiga hanyoyin ƙauye, kowace mota tana cikin hayaƙin ta gabanta. Da hunturu kuma hazo ya ƙara nasa. Ƙura mai laushi tana shiga zaren yadi ta zauna, maiƙo ya riƙe ta. Duk ramin da aka faɗa, wata ta kakkaɓo kan fasinja, wata sabuwa ta maye gurbinta.

Shekarar da ƙura ta yi kisa

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau a Zamfara suka samu labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba su yi ba. Da aka kai jinin yaran gwaji Turai sai aka ga dalma ce, a matakin da likitocin zamani ba su saba gani ba.

Masana daga cibiyar CDC ta Amurka suka zo a watan Mayu, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Abin da suka ƙirga ya girgiza duniya: kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyukan biyu ya rasu cikin shekara guda. Cikin waɗanda aka gwada, kusan dukkansu dalmar jininsu ta wuce matakin da ake fara magani na gaggawa. A duk yankin an ƙiyasta yara kusan 400 ne suka mutu, dubbai suka kamu.

Musabbabin bai ɓuya ba. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma suka koma ramuka. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da zinare, amma yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana kawo shi gida a buhu. Maza su fasa da guduma, mata su daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa dawa da gero, a shanya a tsakar gida. Garin ya bi ƙasa, ya bi tabarma, ya bi hatsi. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. A wasu gidaje dalmar da aka auna a ƙasa ta ninka abin da Amurka ta yarda da shi a wurin zaman mutane sau ɗaruruwa.

Maganin da aka yi wa ƙauyukan aikin fartanya da shebur ne. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da matasan ƙauyukan, suka kankare saman ƙasar kowane gida, kimanin faɗin yatsu uku, aka kwashe aka binne a ramuka na musamman, aka zubo sabuwar ƙasa. Dareta da 'Yargalma aka fara yi a tsakiyar 2010, ana tsere da damina. Sai Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet har gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Ka'idar likitocin a lokacin ita ce ba a ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi gidan da ba a share ba, don zai sake kwasa. MSF ta yi shekara fiye da goma tana wannan aiki kafin ta miƙa wa hukumomin jiha a 2022.

An share tsakar gida, an share ɗakuna, an share bakin rijiyoyi da wuraren niƙa. Mota kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Ita ce ke ɗauko mai haƙa da kayan aikinsa a jiki, ita ce wani lokaci ke ɗauko buhun dutse ko na gari, kuma ita ce washegari za ta kai mai jego asibitin Anka.

Darasi daga wata jiha mai nisa

Cewa mota na iya zama rumbun dalma ba hasashe ba ne. A 2009 cibiyar CDC ta wallafa labarin yara shida a jihar Maine ta Amurka da aka samu dalma a jininsu a shekarar da ta gabata. Masu bincike sun duba gidajensu, fenti da ƙura da ruwa, ba su ga abin da zai bayyana matsalar ba. Da suka koma kan motocin gidan sai ga ta: a kujeru, a ƙasan mota, har a kujerun da ake ɗaure jarirai. Iyayen ko makusantan yaran suna aikin kankare tsohon fenti ne ko sarrafa tsofaffin ƙarafa. Suna tashi daga aiki su shiga mota da kayan jikinsu.

A can, abin da mutum ke kwasowa ɗan burbushi ne a wando da takalmi. A kwatanta da mai aikin injin niƙan dutse da ya wuni cikin farin gari tun daga gashin ido har silifa, ya shiga motar da mutum bakwai ke matse a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ƙaramin yaro jikinsa na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba, kuma yaron da ba ya samun isasshen abinci ya fi tsotsa. Wanda bai yi jijjiga ba ma yana iya tashi da raunin fahimta, ya kasa riƙe karatu, ba wanda zai danganta abin da ƙura. Mace kuma tana iya ajiye dalma a ƙashinta shekaru, sai ta ɗauki ciki ta sauko cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

A faɗi gaskiya, mafi yawan ƙura mai nauyi a ƙasan mota da but da kujeru take zama. Amma waɗannan ana kaɗe su, ko da sama-sama. Silin ne kaɗai ke shekara goma ba a taɓa shi ba, kuma shi ne ke saman kowa. Duk wanda ya taɓa tafiya da yaro ɗan shekara biyu a cinya ya san abin da yake yi da yadin da ya sako: jan sa yake, yana tura yatsa cikin garin soson.

Gaba kura, baya sayaki

A nan ne aikin ya yi wuya. Mai ɗinkin kujerun mota zai ce maka kada ruwa ya taɓa silin, a kaɗe shi a bushe. Ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki a Dareta zai ce maka kada a kaɗe ƙurar dalma a bushe, a jiƙa ta. Kowannensu ya san abin da yake faɗa.

Ruwa shi ne babban makamin da aka samu a kan wannan ƙura. A wani gwaji da MSF da ƙungiyar OK International suka yi da masu haƙa bayan ɓarkewar gubar a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, fesa ruwa a wurin niƙa ya rage dalmar da ke yawo a iska da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A cikin shirin har da wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida.

Mafi munin abin da ake yi wa cikin mota a tashoshinmu shi ne kai ta wurin mai faci a hure ta da injin iska. Direbobi na son hakan, don cikin minti biyu mota ta yi fes ba tare da jiƙa ba. Amma ƙurar ba ta tafi ko'ina ba: ta tashi daga yadi ta shiga hancin yaron da ke riƙe da tiyo, ta sauka kan tiren mai awara da ke gefe, rabi kuma ta koma cikin motar. Kaɗawa da tsumma ko tsintsiya ƙaninsa ne. Ƙananan injinan zuƙar ƙura da ake sayarwa a kasuwa ma ba su da matacin da ke riƙe gari mai laushi, suna zuƙa ta gaba su fesar ta baya.

Abin da ya rage shi ne tsakiya: danshi, ba jiƙa ba.

Yadda ake yi

A fara da wuri. Ba tsakar gida ba, ba ƙofar gida inda yara ke wasa ba, ba kusa da rijiya ko inda ake shanya hatsi ba. A samu inuwa, a buɗe ƙofofi huɗu, a bari rufin ya huce, don gam mai zafi ya fi saurin saki. Mai aikin ya rufe hanci da baki. Takunkumin da aka saba da shi lokacin korona ya fi babu, amma irin mai kauri da ma'aikatan asibiti da masu fenti ke sawa shi ne ke tare ƙura mai laushi.

Sai a gwada lafiyar silin. A danna shi da yatsa a hankali. In ya dawo, soson na da rai. In yatsa ya bar rami, ko an ji yana ƙuras-ƙuras, ya mutu, kuma wanki ba zai yi masa komai ba sai ƙarasa shi.

In yana da rai, bokiti biyu ake buƙata da tsummoki masu laushi da yawa, farare in da hali, don mai launi na iya zuba. A bokiti ɗaya a zuba ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan, a kaɗa har ya yi kumfa. Kumfar ake so. A ɗebo ta da tsumma, a matse har ba ya ɗiga, a dafa a jikin yadi a ɗaga, a dafa a ɗaga. In za a shafa, a bi gefe ɗaya, daga gaba zuwa baya, da hannu sakwa-sakwa. Ba a murzawa. Duk tafin hannu biyu ko uku a juya tsumma zuwa fuska mai tsabta, in ta ƙare a jefa shi bokiti na biyu a ɗauki wani. Tsumman da ya yi datti ba ya komawa cikin ruwan sabulu.

Bayan kumfa a bi da tsumma mai danshin ruwa zalla don ɗauke sabulu, sai busasshe a dafa. Sabulun da aka bari a yadi shi ne ke jawo sabuwar ƙura cikin mako guda. Shi ya sa omo bai dace ba: yana da kaifi, ba ya fita sai da ruwa mai yawa, kuma ruwa mai yawa shi ne abin da ake gudu.

Tabon maiƙo na saman direba ba ya fita a zama ɗaya. A taso masa daga gefe zuwa tsakiya don kada ya bazu, a bari ya bushe, a sake. Sau uku da sauƙin hannu ya fi sau ɗaya da ƙarfi. Wanda ya wanke tabo kaɗai ya bar sauran zai ga farin tsibiri da shati kewaye da shi, don haka gara a bi duk faɗin, ko da sama-sama ne. Ga fumfuna, ruwan khal da aka surka da ruwa yana taimakawa, amma in ba a toshe inda ruwan sama ke shiga ba, damina mai zuwa zai dawo.

Fetur, kananzir da tina, waɗanda wasu ke ɗauka maganin kowane maiƙo ne, suna narkar da gam da soso nan take, ga haɗarin wuta a motar da ake shan sigari. Bilic yana cinye launi da zare. Tafasasshen ruwa da injin feshi mai ƙarfi su ne hanya mafi sauri zuwa shagon mai ɗinki.

Ana farawa daga sama ne a gangaro: silin, sai ginshiƙan ƙofa da marikai, sai kujeru, sai ƙasa da but a ƙarshe, don abin da ya zubo a kwashe shi. Tabarmin roba a wanke su da ruwa sosai, ba a kaɗa su a bishiya. A bar ƙofofi a buɗe a inuwa har komai ya bushe.

Ruwan dattin a haƙa ɗan rami a zuba a rufe, nesa da inda awaki da kaji ke sha. In motar ta yi jigilar dutse, tsummokin ma a binne su tare. Mai wankin ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci komai, ya sauya riga kafin ya shiga gida ya ɗauki ƙaninsa.

Lokacin da wanki bai isa ba

Yadi mai soso ba ya sakin duk abin da ya sha. Ko a gidajen Turawa da ake da injina masu tsada, masana kan ba da shawarar a zubar da kafet ko kujerar da dalma ta shiga sosai. Saboda haka motar da aka san ta daɗe tana zirga-zirgar ramuka da wuraren niƙa, wankin sama-sama rage mata kawai zai yi.

Abin da ya fi shi ne a sauke silin gaba ɗaya. Masu ɗinkin kujeru a Gusau da sauran manyan garuruwa sun iya: su kwance marikai da fitila da makarin rana, su zaro faifan ta ƙofar baya, su yaye yadin, su kankare ruɓaɓɓen soso, su manna sabo. Abin da ya kamata a ƙara a wannan yanki shi ne a yayyafa wa faifan ruwa kafin kankarewa, a yi a fili, a tattara garin a leda a binne. Kuma a maimakon yadi a sa leda mai kauri irin ta kujera, wadda tsumma ke gogewa tas. Gam ɗin ya zama mai jure zafi, in ba haka ba bazara ɗaya za ta sauke shi.

Wasu direbobin suna yaye komai su bar ƙarfe tsirara. Ta fuskar ƙura hakan ba laifi, ƙarfe na gogewa. Amma duk wanda ya zauna a irin wannan mota da azahar a watan Afrilu, ko ya bugi kai a rami, ya san abin da silin ke tarewa.

Wa zai biya, wa zai sha ƙura

Direbobi na da tasu hujja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ke saura bayan an sha fetur, an sallami 'yan kamasho, an kai wa mai mota balas, bai taka kara ya karya ba. Ga hanyoyin da ake bi da fargabar 'yan bindiga, inda wata rana ma ba a fita. Mutumin da ke lissafin taya da birki ba zai sa silin a gaba ba, kuma fasinja bai taɓa ƙin shiga mota don samanta ya yi baƙi ba.

Masu wanki kuma na cewa aikin yana cin awa guda ko fiye, a lokacin da za su wanke mota uku, kuma ba a ƙara musu ko sisi. Ruwan ma saye suke a jarka daga 'yan ga-ruwa. Sai dai a nan akwai ɗan sauƙi: wankin silin da aka yi daidai ba ya cin rabin bokiti.

Masu haƙa ba sa son a mayar da su abin ƙyama a tasha, kuma ba za a zarge su ba. Zinare ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun da noma ya gagara. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa Zamfara a watan Afrilun 2019 bai rufe ramuka ba, ya dai sa aikin ya koma ɓoye, kuma abin da ake yi a ɓoye ba a iya koya wa mutane yin sa da kyau. An ɗage haramcin a watan Disamban 2024, a daidai lokacin da farashin zinare ke ta kafa sabon tarihi a duniya. Ma'ana, buhuna za su ƙaru a hanya.

A ganina, wanda ya fi kowa shiga haɗari a wannan lamari shi ne wanda ba a tambayarsa: yaron wurin wanki. Da yawansu ba su wuce shekara goma sha biyu ko sha huɗu ba, wasu almajirai ne da ke neman na sabulu. Su ne ke kaɗa tabarmi, su ne ke cusa kai ƙarƙashin kujera, kuma da wannan hannun suke cin ɗanwake a gefen bokiti. Direba na shaƙar ƙurar motarsa ɗaya, su kuwa ta duk motar da ta shigo.

Abubuwan da za su rage wannan ba su buƙatar kasafin gwamnati. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a kowace tasha yana da ikon da ya fi na kowane jami'in lafiya a kan abin da ake lodawa. Zai iya cewa buhun dutse ko garinsa ba ya shiga motar fasinja, sai a bayan a-kori-kura ko a babur, a cikin leda biyu. Zai iya hana hure cikin mota da injin iska a harabar tasha. Mai haƙa da ya yi wanka ya sauya kaya a bakin rami ya kare 'ya'yansa, ya kare na maƙwabcin da za su zauna a kujerar bayan ya sauka. Sarakuna da limamai sun taka rawa sosai a 2010 wajen fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, kuma mutanen Dareta da Abare da Bagega ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ƙura ke iya yi.

Akwai kuma na'urar hannu da aka yi amfani da ita lokacin sharar ƙauyukan, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin ƙasa da minti guda, kuma an horar da ma'aikatan muhalli na jiha a kanta. Ƙurar da aka tattaro daga but da kujeru da silin motocin da ke lodi zuwa Bagega za ta aunu kamar yadda ƙasar tsakar gida ke aunuwa. Yini guda a tashar Anka ya isa a san motocin da tsumma da kumfa za su wadatar, da waɗanda sai an kai su wurin mai ɗinki.